Southwark: Ƙaramar Hukuma Mai Gidaje 55,000 Da Ba Ita Ke Yanka Kuɗin Hayarsu Ba

A watan Agustan 2017, wata biyu bayan gobarar Grenfell, wani dogon bene na gidajen haya a yammacin Landan, ƙaramar hukumar Southwark da ke kudancin Landan ta datse iskar gas a dogayen benaye huɗu na rukunin gidajen Ledbury, a gefen titin Old Kent Road. Girki ya tsaya, ruwan zafi ya ɗauke. Aka raba wa mutane ƙananan murhunan lantarki, aka ce mai son wanka da ruwan ɗumi ya tafi wuraren motsa jiki na hukuma. Mazauna wurin sun shekara da shekaru suna kai kukan tsagewar bango, wata tsagar ma har hannu na shiga. Da injiniyoyi suka duba da kyau, sai ga abin da ya fi tsaga muni. Benayen an haɗa su ne da manyan allunan kankare, irin ginin Ronan Point da gefensa ya rufta a 1968 bayan fashewar gas, mutum huɗu suka rasu. Bayan wancan hatsari an ba da umarnin ƙarfafa duk gini irinsa. A Ledbury ba a ga alamar an yi wannan aiki ba. Kusan shekara 50 ke nan iyalai na kunna gas a cikin ginin da ba zai jure fashewa ba.

Southwark ba baƙon wuri ba ne ga 'yan Najeriya da ke Ingila. A cikinta Peckham take, kuma a kan wannan titi na Old Kent Road masallacin ƙungiyar Musulmin Najeriya yake. Ita ce ƙaramar hukumar da ta fi kowace yawan gidajen haya a Landan: kimanin 55,000 idan aka haɗa da waɗanda masu haya suka riga suka saye amma ginin na hannun hukuma. Gidan kansila, kamar yadda mutanenmu na can ke kiransa, shi ne gidan da direban bas da mai shara a asibiti ke iya biya a tsakiyar birni mafi tsada a ƙasar, kuma ba mai tashinsu don maigida ya samu wanda zai fi biya. Shi ya sa sama da iyalai 17,000 ke layin jiransa a wannan ƙaramar hukuma kaɗai.

Asusu ɗaya, buƙatu uku

Wanda zai fahimci halin da Southwark ke ciki sai ya fara da asusun gidaje. Dokar 1989 ta keɓe shi daga sauran kuɗin ƙaramar hukuma. Kuɗin haya ne ke shiga cikinsa, daga cikinsa kuma ake gyara, ake biyan bashi da kuɗin ruwa, ake ɗora bashin sabon gini. Ba a ɗebo harajin gari a zuba masa, ba a kuma yarda ya rufe shekara da giɓi ba. Saboda haka famfon da ya fashe a hawa na tara, da kuɗin ruwan bashi, da harsashin sabon gida, duk daga tukunya ɗaya suke ci.

Kafin 2012 gwamnatin tsakiya ce ke tattara hayar ƙananan hukumomi ta sake rabawa yadda ta ga dama. A watan Afrilun 2012 aka sauya tsari. Aka ce kowace hukuma ta riƙe hayarta, amma za a raba masu bashin gidajen ƙasa baki ɗaya. Wasu suka biya Baitulmali maƙudan kuɗi, wasu aka rage masu, waɗanda suka biya ɗin dai a dunƙule sun ɗauki ƙarin bashin da ya kai kimanin fam biliyan 13. An auna wa kowace nata kason ne bisa lissafin abin da hayarta za ta kawo cikin shekara 30, da sharaɗin haya za ta riƙa tashi kaɗan sama da hauhawar farashi. Ciniki ne mai ma'ana, kuma ƙananan hukumomi sun karɓe shi hannu bibbiyu.

Shekara uku kacal ya yi. A kasafin watan Yulin 2015 ministan kuɗi George Osborne ya sanar cewa za a rage haya da kashi 1 cikin 100 duk shekara har shekara huɗu, daga Afrilun 2016. A kunne ragin kamar alheri ne ga talaka. Amma mafi yawan masu hayar nan gwamnati ce ke biya masu ta hanyar tallafin haya, don haka babban wanda ya ci moriyar ragin shi ne Baitulmali. Ɗauki gidan da hayarsa fam 100 ce a mako. Bayan shekara huɗu ta koma fam 96. Da an bar ta tana tashi da kashi 3 cikin 100 a shekara, da ta wuce fam 112. Wannan tazara ta fam 16 ba ta ƙare da shekarun ragin ba, domin duk ƙarin da za a yi nan gaba a kan 96 za a ɗora shi. Ninka ta da mako 52, ka ninka da dubun-dubatar gidaje, ka ninka da sauran shekarun bashin. Bashin kuwa ko kwabo ba a rage ba.

A 2020 aka dawo da ƙa'idar ƙarin haya, aka ce ta shekara biyar ce. Sai farashi ya yi tashin gwauron zabi. A 2023 ƙa'idar ta ba da damar ƙarin kashi 11.1 cikin 100, gwamnati ta ƙayyade shi a kashi 7. A nan ina tare da masu haya, domin ƙarin kashi 11 a shekarar da kuɗin wuta ya ninka zalunci ne. Inda aka yi kuskure shi ne ba a cike wa asusun gurbin ba, alhali siminti da ƙarfe da ladan magina ba wanda ya ƙayyade masu farashi. Babban bankin Ingila kuma ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023. An cire wa ƙananan hukumomi iyakar cin bashin gina gidaje tun Oktoban 2018, gaskiya ne, sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda hayarsa ba ta ɗaukar kuɗin ruwa, buɗe masa ƙofar bashi bai ƙare shi da komai ba.

Ɗaya ramin da ya fi wannan tsufa shi ne 'yancin saye. Dokar gidaje ta 1980, ta zamanin Margaret Thatcher, ta ba mai haya damar sayen gidan da yake ciki da rangwamen kashi 33 zuwa 50 cikin 100, daga baya ma na ɗakunan bene ya kai 70. Tun daga lokacin an sayar da gidaje kusan miliyan 2 a Ingila. Ba na zargin wanda ya saya ko kaɗan. Ga dubban iyalai wannan ce dukiya ta farko da suka taɓa bar wa 'ya'yansu. Matsalar tana wajen kuɗin. Shekaru da dama kashi uku cikin huɗu na kuɗin sayarwa ko dai biyan bashi yake tafiya ko Baitulmali. A 2012 aka ƙara rangwamen, aka yi alkawarin duk ƙarin gidan da aka sayar za a gina madadinsa, amma aka ce kuɗin sayarwar kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na kuɗin sabon ginin, kuma a kashe shi cikin shekara uku ko a mayar da shi da kuɗin ruwa. Zuwa 2024 rangwamen a Landan ya kai fam 136,400. Bincike daban-daban sun nuna kimanin huɗu cikin goma na gidajen da aka saya ta wannan hanya yanzu 'yan kasuwa ne ke ba da hayarsu. Akan samu ƙaramar hukuma na biyan haya mai tsada don ajiye iyalin da ba su da matsuguni a cikin ɗakin da ita ta gina da kuɗinta. Skotland ta soke wannan 'yanci a 2016, Wales ta bi sahu a 2019.

Laifin da ba na Westminster ba

Zai zama rashin adalci a ɗora wa gwamnatin tsakiya komai. Southwark na da nata kason, kuma mai nauyi ne.

Ranar 3 ga Yulin 2009 wata talabijin ta kama da wuta a hawa na tara na benen Lakanal House da ke Camberwell. A ƙa'idar irin wannan gini, wuta kan tsaya a ɗakin da ta tashi na tsawon lokacin da 'yan kwana-kwana za su iso, shi ya sa ake ce wa maƙwabta su zauna a ɗakunansu. A Lakanal wutar ta haura sama ta kuma gangara ƙasa cikin 'yan mintoci. Mutum shida suka rasu, uku yara ne, ɗaya jaririya ce 'yar makonni. Wata matashiya ta daɗe a waya da ma'aikatan agaji ana ce mata ta zauna inda take, har hayaƙi ya ci ƙarfinta. Binciken da aka kammala a 2013 ya nuna gyaran da aka yi wa benen 'yan shekaru kafin gobarar ya sa masa allunan da ba su kai na da jure wuta ba, kuma ba a yi masa binciken haɗarin gobara da doka ta wajabta ba. A 2017 hukumar ta amsa laifi a kotu, aka ci ta tarar fam 270,000 da kuɗin shari'a fam 300,000. Wata huɗu bayan haka Grenfell ta kama a yammacin Landan, mutum 72 suka rasu. Shawarwarin da mai binciken Lakanal ta aika wa gwamnati tun 2013 ba a aiwatar da muhimmansu ba.

Sai maganar Heygate, wadda har yau ba a daina jin zafinta a unguwar ba. Rukuni ne na gidaje kusan 1,200 a Elephant and Castle, an kammala shi a 1974. Hukumar ta yanke cewa gyaransa ya fi ƙarfinta, ta kwashe mutane, ta rushe shi tsakanin 2011 da 2014. An ɓoye farashin da aka sayar wa kamfanin Lend Lease filin, sai da aka yi kuskure wajen rufe wasu layuka a takardar yarjejeniyar da aka wallafa mutane suka gano fam miliyan 50 ne, alhali kwashe mazauna kaɗai ya ci wa hukumar sama da miliyan 40. A filin aka gina sabbin gidaje sama da 2,500. Waɗanda aka ware a kan hayar talaka ta asali ba su kai 100 ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi ɗakunansu a Heygate, diyyar da aka ba su ba ta sayen komai a unguwar, suka watsu zuwa gefen birni da wajensa.

Dabarar da ke bayan Heygate ita ce a ba ɗan kasuwa fili ya gina na sayarwa, ribar ta ɗauki nauyin na talaka. Gwamnati ce ta tura ƙananan hukumomi wannan hanya, musamman bayan 2010 da aka zaftare tallafin gina gidaje da kusan kashi 60 cikin 100, aka kuma ƙirƙiro wani sabon nau'in haya da ake kira mai rahusa, wanda kan kai kashi 80 cikin 100 na farashin kasuwa. A Landan kashi 80 na kasuwa ba rahusa ba ne ga mai ƙaramin albashi. Duk da haka, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar Heygate ba minista ba ne.

Rukunin Aylesbury da ke Walworth ya fi Heygate girma, gidaje kimanin 2,700. A can Tony Blair ya yi babban jawabinsa na farko a matsayin firaminista a 1997, yana alkawarin ba za a manta da kowa ba. A 2001 mazauna suka kaɗa ƙuri'a da babban rinjaye suka ƙi a miƙa su ga ƙungiyar gidaje mai zaman kanta. A 2005 hukumar ta yanke shawarar rushewa. Shekara 20 bayan nan aikin bai ƙare ba, kuma akwai waɗanda suka girma suka haihu a cikin benayen da ba a yi masu babban gyara saboda an ce rushe su za a yi, ga bututun dumama ɗaki na lalacewa a tsakiyar hunturu. A 2020 hukumar ta canja salo ta karɓi gidaje 581 na sashen farko su zama nata. Mataki ne mai kyau, a ganina ma mafi kyau da ta ɗauka a wannan rukuni, amma bashinsa a kan asusun nan guda ya hau.

Wannan ne ya kai ta tsaka mai wuya. Ta yi alkawarin gina sabbin gidaje 11,000 kafin 2043, kuma ta gina ko ta fara kusan 3,000, abin da ƙananan hukumomi kaɗan ne a Ingila suka yi kamarsa. Ana cikin yabon wannan, a watan Nuwamban 2024 hukumar da ke sa ido kan gidajen hayar jama'a ta duba ta, ta sa ta a mataki na uku cikin matakai huɗu, na ɗaya ne mafi kyau, wato akwai manyan gazawa. Sama da rabin gidajenta an wuce shekara biyar ba a gwada wayoyin lantarkinsu ba. Sama da rabi ba su da ƙararrawar hayaƙi. Gyare-gyaren kariya daga gobara kusan 2,000 sun wuce wa'adinsu. Rabon da a bi gidajen a duba lafiyarsu gaba ɗaya tun 2010. Wannan ita ce hukumar da Lakanal ya ƙone a hannunta. Ƙararrawar hayaƙi ba ta da tsadar da za a ce ragin hayar 2016 ne ya hana sayenta, kuma duk bayanin kuɗin da na yi a sama ba ya wanke wannan.

Abin da bayanin kuɗin ke nunawa shi ne dalilin da ya sa gyara kuskuren ke da wuya yanzu. Bayan Grenfell an kafa dokar lafiyar gine-gine ta 2022. Bayan rasuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu da iyayensa suka zo daga Sudan, wanda funfunar bango ta kashe a gidan wata ƙungiyar gidaje a Rochdale a Disamban 2020, an kafa dokar 2023 da ta ƙara wa masu sa ido ƙarfi. Dokoki ne da jinin mutane ya rubuta, ba mai hankalin da zai ce a sassauta su. Sai dai lissafin 2012 bai san da su ba. Ƙofofi masu jure wuta, sauya allunan bango, rufe gidaje don su riƙe ɗumi, duk sun zo ne a kan asusun da aka riga aka tatse. Southwark ta dakatar da wasu sabbin gine-ginenta don ta juya kuɗin zuwa tsofaffin gidaje. Ta yi daidai. Amma kowane gida da aka fasa ginawa, wani iyali ne zai ƙara shekaru a masaukin wucin gadi, wanda kuɗinsa ba daga asusun gidaje yake fita ba, daga babban asusun da ke kula da tsofaffi da marayu yake fita. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 ƙananan hukumomin Ingila sun kashe kimanin fam biliyan 2.3 a kan irin wannan masauki, kuma zuwa ƙarshen 2024 yaran da ke kwana a cikinsa sun haura 160,000.

Abin da aka roƙa da abin da aka samu

A 2024 Southwark, ƙarƙashin shugabanta na lokacin Kieron Williams, ta tara ƙananan hukumomi 20 mafi yawan gidaje suka fitar da rahoton farko a watan Yuli. Zuwa Satumba sama da 100 sun sa hannu, daga jam'iyyu daban-daban. Rahoton ya ce idan aka ci gaba a haka, giɓin asusun gidajen ƙananan hukumomin Ingila zai kai fam biliyan 2.2 kafin 2028. Suka nemi agajin gaggawa na fam miliyan 644 don cike gurbin ƙayyade hayar da aka yi, da sake buɗe lissafin bashin 2012, da gyara dokar 'yancin saye, da tsayayyen tsarin haya, da kuɗin gyaran tsofaffin gidaje, da sassauta sharuɗɗan tallafin gini.

An samu wani abu. Daga 21 ga Nuwamban 2024 aka sauko da rangwamen saye zuwa tsakanin fam 16,000 da 38,000, aka bar wa ƙananan hukumomi dukkan kuɗin sayarwa. Da yake an sanar kafin ranar, masu haya suka yi rububin miƙa takardun saye a kan tsohon rangwame, don haka kafin ramin ya toshe sai da ya ƙara zurarewa. A watan Yunin 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta ware fam biliyan 39 na shekara goma don gina gidaje masu rahusa, aka kuma tsayar da ƙa'idar haya ta shekara goma daga Afrilun 2026: hauhawar farashi da ƙarin kashi 1 cikin 100. Gwamnati ta ce tana son gidaje 300,000 daga wannan kuɗi, aƙalla kashi 60 cikin 100 a kan hayar talaka ta asali.

Ƙa'idar shekara goman nan ita ce na fi sa wa ido, fiye da biliyan 39, domin a kanta ake gina kowane lissafin bashi. Irinta aka sanar a 2013, ta fara aiki a 2015, aka soke ta bayan shekara ɗaya. Ma'ajin ƙaramar hukumar da ya ga wancan, dole ya yi taka-tsantsan kafin ya ciwo bashin shekara 40 a kan wannan. A cikin sanarwar 2024 da ta 2025 kuma babu fam miliyan 644, babu sake duba bashin 2012. Biliyan 39 ɗin na sabon gini ne, kuma ƙungiyoyin gidaje ma na da rabo a ciki. Rufin da ke yoyo a Walworth har yanzu kuɗin haya ne zai gyara shi.

Ranar 27 ga Oktoban 2025 dokar da ke ɗauke da sunan Awaab ta fara aiki. Idan mai haya ya kai ƙorafin haɗarin gaggawa, sai an magance shi cikin awa 24. Idan danshi ne da funfuna masu cutarwa, sai an bincika cikin kwanakin aiki 10, a kawar da haɗarin cikin kwanakin aiki 5 bayan binciken. A Ledbury kuwa mazauna sun kaɗa ƙuri'a a 2021 suka zaɓi a rushe benayen huɗu a gina sabbi, da alkawarin kowa zai dawo a kan hayar kansila. Kuɗin mai goge funfunar da bashin sabon Ledbury, duka biyun daga asusun gidajen Southwark za su fita.